Bangon kore: na'ura zan saya, ko kwamfuta ta isa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan ɗakin ɗaukar bidiyo a Tahoua da kyamara biyu. Wani malami yana so mu riƙa watsa karatunsa kai tsaye a Facebook, da hoton hasumiyar masallacin Agadez a bayansa. Na gwada da yadi kore a OBS, manhajar watsa bidiyo ta kwamfuta, amma gefen rawaninsa kore yake fitowa, wani lokacin kafaɗarsa ma ta ɓace. In na sayi ATEM Mini, na'urar haɗa hotunan kyamarori, matsalar za ta kau?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba za ta kau ba. Riƙe kuɗinka tukuna.

Aikin da OBS ke yi shi ne wanda na'urar za ta yi: ta nemi kala ɗaya, ta cire ta, ta cike gurbin da wani hoto. An fi zaɓen kore don ya yi nisa da kalar fatar mutum. To in yadin ya yamutse, ko wani gefe ya fi wani duhu, kore ya zama kala-kala ke nan, kuma babu na'urar da za ta gane wanne za ta cire.

Koren da kake gani a rawani daga bango yake dawowa. Farin rawani da shadda mai ƙyalli sun fi komai kwasar shi. Matso da malam gaba, ya bar aƙalla mita biyu tsakaninsa da yadin. Ka sa fitila biyu, dama da hagu, don bango kaɗai, shi kuma malam da tasa daban. Yadin ya zama marar sheƙi, a goge shi, a ɗaure shi tamau a jikin katako. Ka riƙa kaɗe shi, don ƙurar hunturu na dusashe kala. Rufe taga, hasken rana na sauyawa ana cikin karatu. Sannan cikin ladabi ka roƙi malam ya ajiye koriyar alkyabba ranar ɗauka.

Sai maganar saye. ATEM Mini ta kamfanin Blackmagic ta fito a 2019, tana karɓar HDMI (wayar da ke kai hoto daga kyamara) huɗu, kuma tana cire kore da kyau. Amfaninta a wurinka shi ne sauya kyamara da maɓalli ɗaya ba tare da kwamfuta ta yi nauyi ba. Sai dai iri-iri ce: ta farkon ba ta watsawa da kanta, dole ta bi ta kwamfuta. Mai suna Pro ce ke shiga intanet kai tsaye. Duba ko kyamarorinka na fitar da hoto tsaf ta HDMI, ba rubutu a kai.

Da ni ne, fitilu da batirin da zai riƙe su in wuta ta ɗauke zan fara saya. In gefen rawanin ya fito tas a OBS, sannan ka aika Yamai a tambayo maka farashin Pro.