Yaya saiwa ke sanin an zuba taki?

TAMBAYA: Malam, ina noman tumatir a bayan gida a Gwale. Ta yaya saiwa ke gane an zuba taki?

AMSA: Ɗan'uwa, da sinadarin kalsiyam take aika saƙo. Tun 1991 masana suka fara sa wa tsiro wani furotin na halittar teku mai haskawa idan ya haɗu da kalsiyam. Da naitiret, wani sinadari da ke cikin taki, ya taɓa saiwa, kalsiyam ya ƙaru cikin ƙwayoyin halittarta, sai na'ura ta kama hasken. Ƙarancin fotasiyam, wani sinadarin taki, ma yana tada nasa saƙon, har a buɗe hanyar zuƙo shi. Akasarin gwajin dai a wani ɗan tsiro mai suna Arabidopsis ake yi. Kai kuwa, kada ka cika wa tumatirinka yuriya: ganye zai yi ta yi, 'ya'ya kaɗan.