Wadda ta riƙe ni za ta fito a uwata cikin wasan kwaikwayo, ya halatta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ƙungiyarmu ta matasan unguwa ce ke shirya wasan kwaikwayo na dandamali bayan Babbar Sallah, domin tara wa marayu kuɗin makaranta. Labarin wata dattijuwa ce mai tuwo-tuwo a bakin tasha, ta tattara yara uku da ba su haɗa dangi ba: almajirin da ya ɓace wa malaminsa, yarinyar da rikici ya raba da garinsu, da wani maraya. Suka tashi suna ce mata Inna. A ƙarshe babban yaron ya ɗauki sunan marigayi mijinta, ya gaji gidan. Ni na rubuta, ni zan fito a babban yaron. Akwai wurin da zazzaɓi ya kwantar da shi, Inna ta ɗora kansa a cinyarta, ƙanwar ta riƙe masa hannu. Ƙanwar mun ba wata yarinya mai natsuwa da ilimi, wadda babu kamarta a ƙungiyar. Wani malami ya ce mana duk wasan kwaikwayo ƙarya ne, haramun ne. Mene ne hukunci? Wadda za ta fito a Inna maƙwabciyarmu ce, ita ta riƙe ni tun da mahaifiyata ta rasu ina wata huɗu, yarinyar kuma 'yarta ce.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifiyarka, ya saka wa wannan baiwar Allah da Aljanna.

Ɗana, abin da ka ajiye a ƙarshen wasiƙarka shi ne kan magana. Jaririn wata huɗu ba tuwo yake ci ba. Da me ta rayar da kai, nononta ko madarar gwangwani? Ka je ka durƙusa ka tambaye ta kafin ku ƙara yin gwaji ko ɗaya.

In ta shayar da kai, to uwarka ce ta shayarwa, 'ya'yanta duka 'yan'uwanka ne, waɗanda suka girme ka da waɗanda aka haifa bayanka, har da 'ya'yan mijinta na wasu ɗakunan. A mazhabar Imam Malik tsotsa ɗaya ta wadatar, muddin nonon ya isa ciki a cikin shekaru biyun farko, kamar yadda Ibnu Abi Zaid ya faɗa a Risala. A wurin Shafi'iyya da Hanabila kuwa sai jariri ya sha sau biyar. Ko tatsa aka yi aka ba ka a cokali, hukuncin ɗaya ne. A wannan hali babu laifi ta ɗora kanka a cinyarta.

In kuwa riƙo ne kawai, goyo da wanka da kunu, to ladanta na wurin Allah, haƙƙinta a wuyanka har ka mutu, amma ba muharramarka ba ce, 'yarta ma haka. Dandamali ba ya halatta abin da yake haramun a tsakar gida. Sai a gyara wurin: Inna ta zauna gefen tabarma tana yi masa fifita, ƙanwar ta ajiye kwanon koko ta koma bakin ƙofa tana share hawaye. Wallahi masu kallo za su yi kuka ba tare da an taɓa kowa ba.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma ba zan yi shiru a kansa ba. Na ga yadda ka yabi yarinyar nan. In akwai wani abu a ranka game da ita, to amsar da Inna za ta ba ka ta fi ƙarfin wasa, domin ƙanwar shayarwa ba ta auruwa har abada. Gara ka sani yau da a sani bayan an kai kuɗin gaisuwa. Ka nemi wasu dattawan mata da suka san lokacin, domin malamanmu na Malikiyya suna tabbatar da shayarwa da shaidar mata biyu in maganar ta riga ta yaɗu, shaidar mace ɗaya kuwa ba ta raba aure, sai dai an so a nisanta. In babu shayarwa kuma kana son ta, kada ka mai da wurin gwaji wurin zance. Gidansu ba ɓoyayye ba ne, ka tura manya.

Sai maganar malamin da ya ce wasan kwaikwayo ƙarya ne. Bai ƙirƙiro ta ba, ra'ayi ne na manyan malamai irin su Shehu Ahmad al-Gumari na Maroko da Shehu Bakar Abu Zaid na Saudiyya, kowannensu ya yi rubutu a kai. Ku girmama shi. Amma ni ban ga hujjar ta tsaya ba. Ƙarya ita ce ka faɗa wa mutum abin da ba haka yake ba domin ya ɗauka haka ne. Wanda ya biya kuɗin ƙofa ya zauna a benci, ya san kai ɗan gidan wane ne, ya san ba zazzaɓi kake yi ba. Wa aka yaudara? Hadisin da suke kafa hujja da shi, na azaba ga mai yin ƙarya don ya ba mutane dariya, yana magana ne a kan wanda ya shirya zance ya sayar da shi a matsayin gaskiya. In aka ce duk siffanta abin da bai faru ba ƙarya ne, to malamin nahawu da ya shekara yana cewa Zaidu ya bugi Amru ya shiga, malamin gado da ke cewa mace ta mutu ta bar miji da uwa shi ma ya shiga. Sannan ga hadisin kuturu da mai sanƙo da makaho a Bukhari da Muslim: mala'ika ya komo wa kowannensu a cikin tsohuwar kamarsa yana cewa shi miskini ne, guzuri ya yanke masa. Mala'iku ba sa saɓo. Ga Annabi Sulaimanu, alaihis salam, da ya ce a kawo wuƙa ya raba jariri tsakanin mata biyu, alhali ba ya nufin yankawa, uwar gaskiya yake son ta bayyana. Sun kuma ce abin baƙo ne, koyi ne da waɗanda ba Musulmi ba. Lasifikar masallaci ma baƙuwa ce, kuma yaranmu suna tashe cikin azumi tun kafin a san silima a ƙasar nan. Inda nake tare da su shi ne yawancin abin da ake nunawa cike yake da cakuɗa da tsiraici da izgili. To haramcin na waɗannan ne, in aka cire su ya tafi tare da su.

Namiji ya ɗaura zane ya fito a mace bai halatta ba. Sutura cikakkiya ga mata, banda keɓancewa, a yi gwaji da rana a gaban wani babba, a tashi in an kira salla.

Ƙarshen labarinka yana buƙatar gyara, kuma na san daga zuciyarka ya fito. Kiran Inna babu komai, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wa Anas "ya ɗana". Amma sauya sunan uba, aya ta 5 a Suratul Ahzab ta hana, ita ce ta mai da Zaidu ɗan Muhammadu ya koma Zaidu ɗan Harisa, kuma son da Annabi yake masa bai ragu ba. Gado ma na dangi ne: Muhajirai da Ansaru sun taɓa gadon juna saboda 'yan'uwantakar da aka ƙulla musu, ayar ƙarshe ta Suratul Anfal ta mai da shi ga ma'abota zumunta. Sa Inna ta ba yaron ɗaki kyauta tana raye ya karɓa, ko ta yi masa wasiyya da abin da bai wuce sulusi ba. Masu riƙo da yawa za su zo kallo, wasunsu ba su san wannan ƙofar ba, yaran da suka raina sukan tashi hannu rabbana ranar rabon gado.

Wajen zaɓen ƙananan yaran, kada ku ɗauko maraya na gaske ko yarinyar da ta gudo daga garinsu ku ce ta maimaita abin da ta gani a gaban jama'a domin a tausaya a ba da kuɗi. Ku ba wasu yaran wannan matsayi, da izinin iyayensu. Marayun da ake tara wa kuɗin kuma kada a tsayar da su a dandamali ana nuna su, a rubuta abin da aka samu, a karanta wa mai unguwa da liman, a biya makarantar kai tsaye.

Wallahu a'alam.