Tambaya da Amsa: Yadda ake gina tarihin ɗan kutse a wasan tebur

Tambayoyin wannan fitowar daga masu wasan kwaikwayo na kan tebur suka zo, wasan da mutum huɗu ko biyar kan zauna, kowa ya riƙe jarumi guda, jagora yana jan labari, dayis irin na lido kuma yana yanke hukunci.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu biyar ne muke wasa duk Asabar bayan la'asar. Jagoranmu ya kafa labarin a Zariya ta shekarar 2090, ni kuma aka ba ni ɗan kutse, wato mai shiga kwamfutocin mutane ba da izini ba. Na rubuta tarihinsa shafi uku: maraya ne, ya fasa banki yana ɗan shekara tara, babu wanda ya taɓa ganin fuskarsa. Jagora ya karanta ya ce ba shi da abin kamawa a ciki. Ina matsalar take? Daga wani mai karatu a Samaru.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Jagoranku bai zalunce ka ba. Wanda ba shi da dangi, ba a san fuskarsa, kuma ya gama ƙwarewa tun yana yaro, ta ina labari zai kama shi? Tarihin jarumi kayan aikin jagora ne, daga ciki yake zaro mai bin bashi, da maƙiyi, da wanda zai buga waya cikin dare yana neman taimako. Ka mayar da shafi ukun nan rabin shafi.

Fara da wurin da ya koyi aikin, domin shi ne zai raba masa maki, wato adadin da ake ƙara wa abin da dayis ya nuna. A ce yaron shago ne a rumfar gyaran waya a PZ, ya tashi da ƙaurin dalma a hanci, yana canza gilashi, yana buɗe wayar da mai ita ya manta lambar sirri. Irin wannan ka ba shi +2 a aikin na'ura, +1 a iya magana da mutane, sifili a rubuta manhaja, tunda da kayan da wasu suka rubuta yake aiki. Idan kuwa ɗalibin kwamfuta ne da karatu ya gagara a aji uku saboda kuɗin makaranta, sai ka juya lissafin: ya iya rubutu, amma ba a ba shi sukudireba. Kowanne ka ɗauka, ka rubuta mutum guda da ya koya masa. Maigidan da har gobe yake kiransa "yarona" a gaban jama'a ya fi kowane bankin da ya fasa amfani a tebur.

Sai kutsensa na farko, kuma ya zama ƙarami. Ya taɓa mitar wutar gidansu, ko ya goge bashin da wata manhajar rance take bin gwaggonsa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne wanda ya kwana a ciki: aka kori ma'aikacin da ke kula da mitocin unguwar, yau yana tura ruwa a Tudun Wada, bai san wanda ya ja masa ba. Ranar da jagora ya haɗa su a layi ɗaya, ka samu zama guda cur ba tare da an harba bindiga ba.

Bashi kuma a rubuta shi da adadi da wa'adi. "Ana binsa kuɗi" ba ya motsa kowa. "Ana binsa kwatankwacin samunsa na wata uku, mai kuɗin zai turo yara a zama na huɗu" shi ke sa mutum ya karɓi aikin da hankalinsa bai kwanta da shi ba. Na'urarsa ma ka sa mata aibi guda: batirin minti 40 yake yi, ko fankar tana toshewa da ƙurar hunturu ta yi zafi ta mutu. Ka ƙara da iyaka ɗaya da ba ya tsallakewa, kamar na'urorin asibiti ko albashin leburori, ka kuma sani cewa jagora mai wayo zai gwada ta.

Batun suna: ba mutum ke raɗa wa kansa laƙabi ba, abokai ke liƙa masa, yawanci ma ba ya so. Kusan kowa Gizo yake fara zaɓa saboda yanar gizo. Ba laifi, amma a tuna Gizon tatsuniya da baki yake cin nasara, haɗama kuma ke kai shi ƙasa. Wanda zai ɗauki sunan ya ɗauki halin duka.

Tambaya: Ni jagora ne. Da zarar ɗan kutsenmu ya fara aiki, sauran ukun sai su koma kan wayoyinsu, wani ma ya fita sayen shayi. Me zan yi? Daga Tudun Wada.

Amsa: Wannan tsohon ciwo ne. Masu wasan tebur na Shadowrun, wanda ya fito a 1989, da masu wasan Cyberpunk 2020 na 1990 sun daɗe suna kukansa: dokokin kutse suka zama wasa na biyu a cikin wasa, mutum ɗaya yana yi, saura suna hamma. Da Cyberpunk Red ya fito a 2020, sai aka wajabta wa ɗan kutse ya kasance cikin tazarar mita 6 daga mashigar na'urar da yake son shiga. Ko wane wasa kuke yi, ka ari wannan dokar. Ba shi da damar kishingiɗa a ɗakinsa a Hanwa yana buɗe ƙofar rumbu a Kwangila. Sai ya je da ƙafarsa, wani ya yi masa gadi, wani ya janye hankalin maigadi.

Kuma ba dokar wasa ba ce kawai. Stuxnet, manhajar da aka gano a 2010 wadda ta lalata injinan tace yuraniyom a Natanz ta Iran, an ƙera ta ne ta riƙa yaɗuwa ta filas don ta kai ga na'urorin da ba sa haɗe da intanet. Kevin Mitnick, wanda aka kama a Amurka a 1995, ya yi suna ne da buga wa ma'aikata waya yana shigar burtu har su ba shi abin da yake nema da bakinsu. Mutumin da ya tashi a birni mai ganuwa ya san zancen: ba a wahalar haura katanga alhali ga Ƙofar Doka, ga Ƙofar Gayan, abin nema shi ne wanda ke tsaron ƙofar. Don haka ka ba sauran 'yan wasa rabin aikin. Wanda ya samo katin ma'aikaci ko ya jiyo kalmar sirri a teburin mai shayi ya ƙara wa ɗan kutse +1.

Kutsen kansa kada ya wuce jifan dayis uku: shiga, nemo abin da aka zo nema, fita ba tare da barin sawu ba. Tsakanin kowace jifa ka juya ga wani ɗan wasa. Idan dayis biyu irin na lido kuke jefawa, ana neman 8 ko fiye, hanyoyi 15 cikin 36 ne ke ba da nasara, wato wajen kashi 42 cikin ɗari. Da +1 ya koma 21 cikin 36, da +2 kuma 26 cikin 36, wajen kashi 72. To ka lura, jifa uku a jere da +2 ba tare da faɗuwa ko sau ɗaya ba kashi 38 ne kacal. Shi ya sa bai kamata faɗuwa ta zama "ta ƙi buɗewa" ba, in ba haka ba labari zai riƙa tsayawa cak. Ka zana gidaje shida a takarda a tsakiyar tebur. Duk faɗuwa aikin ya wuce gaba, amma ka cike gida biyu, idan kuma jimlar ta tsaya daidai kan abin da ake nema ka cike ɗaya. Da shidan sun cika, masu tsaro sun farga. Mai zuwa sayen shayi zai zauna ya zuba wa takardar ido.

Tambaya: Ban san komai a kan rubuta manhaja ba, kuma yayana ya ce wasan koyar da damfara ne. Zan iya riƙe 'yar kutse? Daga wata mai karatu a Sabon Gari.

Amsa: Ƙwarai kuwa, Malama. Mai riƙe matuƙin jirgi a wasa ba a tambayarsa takardar kwalejin tuƙin jirgin sama ta Palladan. Ke dai ki faɗi abin da jarumarki take nufi, "ina so kyamarar ƙofar baya ta makance na minti biyu", dayis ya ba da amsa. Babu wanda zai tashi daga teburin ya iya buɗe asusun kowa. Kutsen gaske laifi ne a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta Nijeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ki gaya wa Yaya haka, ki kuma gayyace shi ya kalli zama ɗaya. Idan dayis ɗin ne ke damunsa, ku rubuta 1 zuwa 6 a 'yan takardu kashi biyu, ku zuba a hula biyu, a zaro ɗaya-ɗaya a mayar. Lissafin bai canza ba.

Jarumar kuma ba dole ta zama yarinya mai baƙar riga ba. Gwada uwar adashi mai shekara 55 wadda ta yi shekaru tana riƙe da na'urar POS a bakin kasuwa. Ta san wanda albashinsa ke shiga ran 25, ta san wanda ke sa shekarar haihuwarsa a lambar sirri, babu maigadin da zai hana Hajiya wucewa da kular abinci. Ki ba ta +2 a magana, +1 a na'ura, aikin manhaja kuma jikanta ne ke yi mata, uwarsa ba ta sani ba.