Tambaya da Amsa: Kula da Samfurin Zubi da Gyaransa

Wasiƙun wannan fitowar duk daga masu zubi suke, na cikin Damagaram da kewaye, kuma duk a kan samfur, wato abin da ake danna wa ƙasa ta ɗauki siffarsa kafin a zuba narkakken ƙarfe. Zubi tsohon aiki ne a garin nan, don tun zamanin Sarki Tanimun, a ƙarni na 19, ake ƙera igwa a Damagaram. Yau tukunya da murfi da ludayi na alminiyom suka fi yawa, amma ƙa'idar tana nan: duk aibin da ke jikin samfur sai ya bayyana a kowane abu da aka zuba da shi.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai zubin tukwane ne a Zango. Akwai samfur guda da in na yi aiki da shi sai tukunya ta fito gefe ɗaya da kauri, ɗaya gefen kamar takarda, wani lokaci har da ɓula. Na sake ƙasa, na ƙara wuta, ba ta canja zani ba. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka bar ƙasa da wuta su huta. Aibin da ke fitowa wuri ɗaya kullum, daga samfur yake ko daga akwatin ƙasa.

Samfurin tukunya ɓari biyu ne, kuma kullum ana bubbuga shi ana ɓamɓare shi daga ƙasa, don haka a hankali bakinsa kan buɗe ko ya murɗe. Ka samu gilashi mai kauri, ka kifa kowane ɓari a kansa ta wajen yankan. In ya zauna daram, lafiya lau. In yana rawa, ko kana hangen haske ta ƙarƙashinsa, ya murɗe. Sannan ka haɗa ɓarin biyu ka ɗaure da waya, ka auna faɗin baki ta tsaye da ta kwance. Bambancin da ya wuce milimita 2 ya isa ya ɓata aiki, domin kaurin tukunyar kansa bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, kuma in ramin da ƙarfe zai bi ya gaza haka, alminiyom kan daskare kafin ya cika shi. Nan ɓular take fitowa.

In samfurin bai da laifi, koma kan ƙusoshin da ke saita akwati. Ƙusa ta ci, raminta ya yi faɗi, akwati ya goce da milimita 1 kacal: tukunyar da ya kamata ta zama 4 ko'ina ta koma 3 a nan, 5 a can. Ga yadda za ka gani da idonka. Bayan ka cire samfur, ka mulmula yumɓu mai laushi kamar ƙwayar wake guda shida, ka ɗora huɗu a kewayen cikin ƙasar da ke tsakiya, biyu a gindi, ka rufe akwati kamar za ka zuba, ka sake buɗewa. Kowane ƙwallo ya baje daidai da kaurin da ƙarfe zai samu a wurin. Wanda ya fi bajewa, nan tukunyarka ke yin siriri. Maganin shi ne sabuwar ƙusa mai cika rami, ko a sa wa ramin guntun bututun ƙarfe.

Wajen miƙar da ɓarin da ya murɗe kuwa, ka yi hattara. Zubabben alminiyom ba ya son duka, musamman wanda aka narka daga fistin da kan injin mota, don yana da gautsi. Ka goga masa sabulun wanki, ka ɗumama shi a kan gawayi ko'ina daidai har sabulun ya yi baƙi, alamar zafi ya kai kusan digiri 400. Kada ka wuce nan, tsantsar alminiyom a 660 yake narkewa, gaurayayyen na zubi tun ƙasa da haka, kuma ba ya yin ja ya gargaɗe ka. Ka bar shi ya huce, ka ɗora a kan kututture mai lanƙwasa irin tasa, ka bi shi da gudumar icce kaɗan-kaɗan kana mayar da shi kan gilashi. In ya tsage, ka huda ƙarshen tsagar da ƙaramin rami na milimita 3 don kada ta ci gaba, sannan ka cike da gam ɗin Araldite mai bututu biyu, ka goge ya yi sumul.

Tambaya: Baba, ni yaron shago ne a Mirya. Samfurinmu na tukunya mai lita 20 ya lalace, sai muka yanka ɗaya daga cikin tukwanen da muka zuba muka mai da ita samfur. Yanzu mata suna dawo mana da kaya, wai tsohon murfi ba ya zama, kuma tukunyar ba ta cin abin da ta saba ci. Maigidana ya ce hannuna ne.

Amsa: Ɗana, ba hannunka ba ne, kuma ka faɗa wa maigidanka wannan cikin ladabi. Ƙarfe yana tsukewa in ya huce. Alminiyom kan ragu da kusan milimita 13 a kowace mita, tagulla kusan 15, baƙin ƙarfen zubi kusan 10. Ke nan tukunya mai baki santimita 40 ƴarta za ta fito da ragin milimita 5. In aka sake yin samfur da ƴar, jikar ta ragu da santimita 1. Ragin kuma ta kowane gefe ne, tsawo da faɗi da zurfi, shi ya sa tukunyar lita 20 ke rasa kusan kashi 4 cikin 100 a zubi ɗaya, wato ya kusa lita guda. Matan da ke auna shinkafar biki da tiya sun riga ku ganewa.

Akwai ragi na biyu da mutane ke mantawa. Zarton ƙarfe yana cin kusan milimita 1 a inda ya bi, magagari ya ƙara cin nasa wajen gyara yankan, sai ɓarin biyu su haɗu su ba da baki mai siffar ƙwai. Dabarar ita ce a yanka tukwane biyu, kowace a kauce wa tsakiya kaɗan, a ɗauki babban ɓari daga kowace, a goge shi da magagari har ya dawo tsakiya daidai.

Amma wannan bai mayar da girman da ya tafi ba. Gyaran gaskiya shi ne a koma ga uwa. A sa kafinta ko mai injin wasa ya fitar da samfur na icce wanda aka ƙara masa ragi sau biyu, ɗaya na zuba samfurin aiki, ɗaya na zuba tukunyar sayarwa. In ana son baki 40, uwar ta zama 41. Daga gare ta ake zuba samfuran aiki, ita kuwa a ajiye ta, ba a kai ta bakin wuta, ba a ba da aronta. A rubuta awonta a jikinta, a yi mata murfinta da irin wannan lissafi.

Tambaya: Ranka ya daɗe, daga Magarya nake. Ina zuba wilin da bel ke hawa a injin markaɗe, da samfurin katako. Da damina ya kumbura, da hunturu ya tsage, yanzu in na zare shi sai ya taho da ƙasa, gefen ramin ya rushe.

Amsa: Ɗan'uwa, yanayin ƙasarmu ne ke cin katako. A watan Agusta yana shan danshi, daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ta tsotse shi, ga kuma jiƙaƙƙiyar ƙasar zubi da yake kwanciya a ciki kullum. Katako ta faɗinsa yake motsi, ba ta tsawonsa ba, shi ya sa wilin da aka yanka daga falanki guda ba ya daɗewa yana da'ira. Nan gaba ka sa a yi shi da guntaye, hawa-hawa, kowane hawa jijiyar iccen ta gitta ta ƙasa da shi. Busasshen maɗaci ya fi dacewa. Ɗanyen icce kuwa asarar kuɗi ne.

Wanda ke hannunka yana gyaruwa. Ka bar shi a inuwa kwana uku ya bushe. Ka buɗe bakin tsagar da wuƙa ta yi faɗi a sama, ka kakkaɓe ƙura. In tsagar ta ratsa, gam ɗin kafinta za ka ɗura ka matse ya kwana. In ta sama ce, mastik ɗin masu gyaran jikin mota ya wadatar: mastik kamar ƙwan kaza, maganin daskarewarsa kamar ƙwayar gujiya. Ka kwaɓa kaɗan-kaɗan, don a zafin bazara ba ya ba ka minti biyar. Bayan rabin sa'a ka goge da samfefa lamba 80, sannan 120, ka ƙarasa da 220.

Tahowa da ƙasa kuwa dalilinsa biyu. Ko fenti ya goge katako yana shan ruwan ƙasar, ko gefen samfurin ya rasa gangararsa. Kowane gefe da ke tsaye dole ya tsuke kaɗan ta wajen da ya nutse cikin ƙasa, milimita 2 zuwa 3 a kowane santimita 10, kuma yawan bugu da guga kan cinye wannan, har ƙasan ya fi saman faɗi. Ka dafa masa ma'aunin kusurwa na kafinta za ka gani. Ka cike da mastik ka dawo da gangarar. Lungunan ciki masu kaifi su ma ka cike su su yi lanƙwasa, domin nan ƙasa ke karyewa, nan kuma ƙarfe ke tsagewa in yana hucewa. Daga nan fenti mai sheƙi shafi uku, kana gogewa da 220 tsakaninsu, har baya da cikin rami. Masu shafa fuska su bar baya su ne samfurinsu ke lanƙwashewa, don gefe ɗaya ke shan danshi.

Ka daina kafa masa ƙusa don zarewa. Ka ɗaura ƙaramin farantin ƙarfe mai ramin noti a bayansa, a nan za ka riƙa bubbugawa, a nan za ka ɗaura abin ɗagawa. Kafin danna ƙasa ka barbaɗa hoda ko tankaɗaɗɗiyar toka daga ƙullin tsumma, ban da baƙin mai. In an tashi aiki a share shi da burushi mai laushi, a kwantar da shi a kan kanta, nesa da ƙasa da bango saboda gara, nesa da kwanon rufi saboda zafi.

Tambaya: Malam, samfurina na alminiyom ya yi ƴan ramuka. Zan iya cike su da dalmar tsohon batir?

Amsa: Don Allah kada ka yi. Dalma ba ta kama alminiyom, za ta faɗo cikin ƙasa. Abin da ya fi wannan muni, tsohon samfur ƙarshensa tukunyar narki, daga nan dalmar ta shiga tukunyar da za a dafa wa yara abinci. Dalma guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ita ce ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Ka kankare ramukan da burushin waya, ka wanke da fetur ya bushe, ka cike da Araldite, bututun biyu daidai wa daida, ka bar shi ya kwana kafin ka goge.