Ɗana Ba Ya Cin Gyaɗa, Gidan Abinci Suka Ce Babu: Laifin Wa?

Tambaya: Ɗana mai shekara 8 jikinsa ba ya karɓar gyaɗa. A wani gidan abinci na yi musu bayani, suka ce babu. Ya ci shinkafa da tsire, kafin mu isa gida leɓensa ya kumbura, borin jini ya feso masa. Laifina ne ko nasu? Daga wata uwa, Zariya.

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, Hajiya. Tunda kin faɗa aka ce miki babu, kaso mafi tsoka na laifin yana wuyansu. Wanda bai san abin da ke cikin tukunya ba, kamata ya yi ya leƙa kicin ya tambayo. A Ingila doka ta wajabta wa mai sayar da abinci bayyana abubuwa 14 masu tayar da alaji, wato borin da jiki ke yi wa abin da ba ya karɓa, gyaɗa da riɗi da madara na ciki. A Najeriya kina iya kai ƙorafi hukumar kare masu sayayya, FCCPC. Ki adana rasit da takardar asibiti.

Sai dai tambayar "akwai gyaɗa?" ba ta wadatar a ƙasar Hausa. Mai kawo abinci ƙwayar gyaɗa yake hangowa, ya manta cewa da garin ƙuli ake turbuɗe tsire. Haka labun kilishi, da kwaɗon zogale, da miyar taushe, da yajin da ake barbaɗawa. Ki riƙa tambaya ɗaya bayan ɗaya, kuma mai girkin za ki nema: da wane mai aka soya? Yajin akwai ƙuli? Man gyaɗar da ake matsa a gida ya fi haɗari, domin ba a tace shi ba. Wuta ba ta kashe sinadarin gyaɗar da ke tayar da alajin, tsame nama daga miya ma ba ya fid da yaro. Wuƙa ɗaya, ludayi ɗaya, ko man da aka soya wani abu mai gyaɗa a ciki sun isa su tayar masa da alajin.

Idan murya ta dishe, numfashi ya sarƙe, harshe ya kumbura ko jiri ya kama shi, maganin alaji na sha irin Piriton ba zai tsayar da wannan ba. Allurar adirinalin ce magani, a gefen cinya ta waje, a maimaita bayan minti 5 in bai sassauta ba. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi na wahala a zaunar da shi, kada a bar shi ya miƙe. Ko ya warware a wuce asibiti, don abin kan dawo bayan wasu awanni. Ki nemi likita ya rubuta masa allurar daidai nauyinsa, ya koya miki yadda ake yi.