Idan injin ƙaramin jirgin sama ya mutu, faɗowa yake yi kamar dutse?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a yankin Auyo. Tun da muka ga jirgin feshin jan baki yana shawagi ƙasa-ƙasa a fadamar Haɗejiya muke gardama a majalisa kan ƙananan jiragen nan masu ɗaukar mutum ɗaya ko biyu. Wasu sun ce inji na mutuwa sai faɗuwa. Haka ne? In kuma ya sauka a gonar mutum, me ya kamata a yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Masu wannan magana ba su yi daidai ba. Fiffike da iskar da ke ratsa shi su ke riƙe jirgi a sama, aikin inji turawa ne kawai. Jirgin da kake nufi, maikurolait, bai kai na feshi girma ba. A Turai an daɗe ana ƙayyade nauyin mai kujera biyu a kilo 450, har da mutane da mai. Injinsa na mutuwa sai ya koma kamar shirwa da ta buɗe fiffike tana gangarowa. Yawancinsu kan ci mita 8 zuwa 10 gaba a duk mita ɗaya da suka sauko. Daga tsayin mita 300 ke nan matuƙi na da kusan kilomita 3 da kimanin minti biyu.

Abin da ya fi kashe mutane shi ne ƙarewar gudu. Matuƙi ya firgita, ya ɗaga hancin jirgi don kada ya sauko, gudu ya ragu, fiffike ya daina ɗauka, jirgi ya kife. Shi ya sa matakin farko shi ne a sunkuyar da hanci nan take, a riƙe gudun da littafin jirgin ya faɗa. Mafi muni shi ne injin ya mutu jim kaɗan bayan tashi, matuƙi ya ce zai juya ya koma filin da ya baro. Juyawa na cin tsayi, shi kuwa ba shi da shi. A sauka a abin da ke gaba, ko da gonar gyaɗa ce.

Zaɓen wurin sauka a ƙasarmu yana da nasa wayo. Ana fuskantar iska ne, kuma hayaƙi ko ƙurar garken shanu za su nuna inda ta nufa. Da hunturu daga arewa maso gabas take busowa. A bi tsawon kunya, domin in aka gicciye ta tayar gaba ta karye, jirgi ya tuntsure. Gonar shinkafa daga sama shimfiɗe take kamar tabarma, amma taɓo na kama taya ya dungurar da jirgi. Gonar gero bayan girbi ta fi ta nesa ba kusa ba, in an kauce wa gawo, kuka, suri da bakin rijiya. Wayar lantarki ba a ganinta sai an zo kanta, turakunta ake nema da ido. Sai in tsayi ya rage sannan a duba famfon mai da makunnai a gwada tayar da inji, a kira Mayday, wato kiran neman agajin gaggawa, sau uku ta rediyon jirgi a zangon 121.5 MHz. Dab da ƙasa a rufe mai, a kashe wuta, a tsuke bel.

Shi kuwa injin, galibi ƙirar kamfanin Rotax ne na ƙasar Ostiriya, samfurin 582 ko 912, kuma da wuya ya mutu haka kawai. Mai ne babban mai laifi: ya ƙare, ko ruwa ya kwanta a gindin tanki, ko an sayi gurɓatacce a jarka. Ana tsiyayar kaɗan a kwalba mai haske kafin kowane tashi. Ruwa zai zauna ƙasa. Na 582 yana son baƙin mai kashi 1 cikin 50 na fetur, in ya gaza sai fistin ya cije. Ƙurar hunturu na toshe matatar iska, zafin Afrilu kan sa fetur ya zama tururi a cikin tiyo. Abin mamaki, da damina ƙanƙara na iya taruwa a maƙogwaron kafireto ko da mutane na gumi a ƙasa.

In ya sauka a gonarka, kada kowa ya taɓa farfela, inji na iya tashi ta fara juyawa. A kori masu sigari da masu zuwa kwasar fetur. Wasu jiragen na da lemar saukar gaggawa da roka ke harba ta; hannunta ja ne, yaro ya ja shi roka ta fita da ƙarfin da zai iya kisa. Wanda ya ji rauni kada a fizgo shi sai in wuta ta kama, saboda wuya da ƙashin baya. A kira 112, a sanar da mai unguwa da 'yan sanda, a bar tarkacen yadda yake, ko ƙusa kada a ɗauka, har jami'an hukumar binciken haɗurra ta NSIB su iso.