Amsa: Kwamfuta ta ƙi tashi bayan an sa mata Windows 11

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya sawwaƙe. Ka ce babbar Dell ɗin da kuke aikin zane da ita a shagonku na UTC Area 10 a Abuja an ɗaga ta daga Windows 10 zuwa 11, tun daga nan da an kunna sai shuɗin allo mai ɗauke da INACCESSIBLE BOOT DEVICE, kuma wani ya ba ka shawarar a goge komai a zuba sabo.

Don Allah kar ka yarda a goge tukuna. Na daɗe ina gyaran irin waɗannan na hannu, kuma galibi ayyukan kwastomomi suna nan lafiya lau a faifai, Windows ce kawai ta kasa isa gare su.

Fara zare firinta da filasha da duk wani faifan waje. Kunna ta, ka yi ta danna F2 har BIOS ya buɗe, wato shafin saitin kwamfutar da ke zuwa kafin Windows ta tashi. Masu HP kuwa F10 ne nasu. Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoton kowane shafi da wayarka.

Wurin da na fi zargi shi ne SATA Operation, inda za ka ga AHCI da RAID On, hanyoyi biyu da kwamfuta ke bi ta yi magana da faifanta. Windows 11 na buƙatar TPM 2.0 (na'urar tsaro) da UEFI (sabon tsarin tayar da kwamfuta), waɗanda a BIOS ake saita su, saboda haka mai yiwuwa wanda ya yi muku aikin ya shiga BIOS. Wasu don sauri sai su mayar da saitin kamfani gaba ɗaya, wannan layin ya juya ba su sani ba. Windows da aka girka a kan AHCI, in ta farka ta tarar da RAID, ba ta ganin faifanta. Juya shi zuwa ɗayan, ka adana, ka gwada. In bai yi ba, mayar da shi yadda hoton ya nuna.

Kana nan ciki, leƙa agogon. In shekarar ta koma baya, batirin CR2032 ya mutu, wani ɗan batiri mai launin azurfa, mai kama da kwabo, a jikin babban allon ciki. Shagunanmu da ake kashe soket da daddare, shi kaɗai ke riƙe saiti har safe. In ba a sauya shi ba, ko ka gyara yau, gobe matsalar ta dawo. Ana samun sa a Banex, kasuwar kayan waya da kwamfuta ta Abuja, ko wajen masu gyaran agogo ma.

Wani abu kuma: taɓa BIOS kan iya sa BitLocker, makullin da Windows ke rufe faifai da shi, ya nemi mabuɗinsa mai lamba 48. Yawanci yana cikin asusun Microsoft da aka shiga kwamfutar da shi, ka nemo shi ta waya tun yanzu. In babu shi, babu gwanin da zai buɗe maka faifan, kar wani ya ci kuɗinka a banza.

To, in BIOS lafiya yake, kunna ta, da tambarin Windows ya bayyana ka danne maɓallin wuta har ta mutu. Maimaita sau biyu ko uku, shafin gyara zai fito da kansa. Shiga Advanced options, sai Uninstall Updates, ka zaɓi na feature update, a mayar da kai Windows 10. Kwana 10 kacal ake ba mutum wannan damar, kar ka yi sanya. Mafaka ce ta ɗan lokaci, tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025.

In kuwa wuta aka ɗauke ana tsakiyar aikin kuma babu UPS, gogewar na iya zama dole. Amma a fara tayar da ita da filashar Ubuntu (wata manhaja ce da ke tashi daga filasha ba tare da Windows ba), ko a ciro faifan a jona wa wata kwamfuta, a kwashe fayilolin mutane ka buɗe su ka gani da idonka. Turo mana hoton shafin SATA ɗin nan, mu ga a kan wanne take.